Hakiya: Yadda Ido Ke Warkewa Gani Ya Tafi

Da kaka, lokacin da ake girbin gero da dawa a wajajen Dukku da Kumo, ana sussukar shinkafa a Dadin Kowa, akwai wani rauni da ba a ɗaukarsa bakin komai. Ganyen dawa ya shafi ido, ko ƙaiƙayi ya faɗa ciki wajen shiƙa. Mutum ya murza, ya ce wa na kusa da shi ya hura masa, ya koma bakin aiki. Galibi kafin jibi ya manta. Wani kuma sai ka gan shi bayan wata biyu da farin tabo a kan baƙin ido, ga wasu jajayen zare-zare sun taso daga gefe sun nufi tabon. Ciwon ya tafi, idon ya huce, amma ko yatsu ba ya iya ƙirgawa da shi. A ce ya yi hakiya. Raunin farko iri ɗaya ne a wajen mutanen biyu. Abin da ya raba su shi ne irin hanyar da jiki ya bi ya warkar da shi.

Baƙin ido da muke gani yana ƙarƙashin wani tantani ne garai-garai, wanda ya rufe shi kamar gilashin agogon hannu. Likitoci na kiransa koniya. Faɗinta milimita 11 zuwa 12, kaurinta a tsakiya rabin milimita da ɗan ɗoriya, amma ita ke yin wajen kashi biyu cikin uku na aikin tattara hasken da ke shiga ido. Hawa-hawa take. A sama akwai fata mai jerin ƙwayoyin halitta biyar zuwa shida, wadda ke sabunta kanta cikin mako guda zuwa kwana goma, tana zaune a kan wata siririyar shimfiɗa. Ƙarƙashinta sai tsokar koniya, kashi 90 cikin 100 na kaurin, zaren wani furotin ne mai suna kolajin da aka jera kauri ɗaya, tazara ɗaya, kamar saƙar gwanin masaƙi. Wannan jeruwar ce ke barin haske ya wuce. Farin ido ma kolajin ne, sai dai zarensa a hargitse yake, wani kauri wani siriri, shi ya sa ya zama fari. Duk abin da ya hargitsa saƙar koniya, ya mayar da wurin ɗan'uwan farin ido ke nan. Can ciki kuma akwai jeri ɗaya tak na ƙwayoyi masu kwashe ruwa daga tsokar. Su ba sa hayayyafa idan sun mutu, maƙwabtansu ne ke baje jiki su rufe gurbin.

Babu jijiyar jini ko ɗaya a cikin lafiyayyar koniya. Iskar oksijin tana samu daga sarari ta cikin hawaye, sukari kuma daga ruwan da ke bayanta a cikin ido. Jijiyoyin ji ne ta tara fiye da kusan ko'ina a jiki, abin da ya sa ƙwayar yashi ɗaya ke zama kamar tsakuwa. Jijiyoyin jini suna zuwa ne su tsaya cak a bakin iyaka, zoben nan da ke tsakanin fari da baƙi, wanda ake kira limbus. A zoben nan kuma iyayen ƙwayoyin fatar koniya suke zaune, daga nan suke aika 'ya'yansu zuwa tsakiya.

An daɗe ana zaton jijiyoyin jinin ba su da abin da ke kiransu cikin koniya ne kawai. Ashe hana su ake yi, dare da rana. Akwai wani sinadari a jiki mai suna VEGF-A, wanda wani mai bincike, Napoleone Ferrara, ya tace a 1989, aikinsa kiran sababbin jijiyoyin jini zuwa inda ake bukata. Koniya ma tana da shi. Abin da take yi shi ne ta zuba wani tarko da ke kama shi kafin ya isa bakin iyaka ya yi kira. A 2006 masu bincike suka nuna cewa idan aka cire wannan tarko a idon ɓera, jijiyoyi na kwararowa ba tare da wani rauni ba. Sun kuma duba idon ayu, irin na Amurka, ɗan'uwan wanda masunta suka sani a kogin Binuwai. Shi ayu da jijiyoyin jini a koniyarsa yake rayuwa, aka kuwa tarar ba shi da tarkon. Akwai wasu tarkunan daban da ke kama sinadaran da ke kiran hanyoyin kaluluwa, za mu zo kan waɗannan hanyoyi a gaba. Tsabtar koniya ce ma ta sa likita Judah Folkman da abokan aikinsa suka riƙa amfani da idon zomo a shekarun 1970 wajen nazarin yadda ciwon daji ke jawo wa kansa jini: a fili mai tsabta, duk jijiyar da ta fito sabuwa ce.

To, mu koma kan ganyen dawa. Idan fatar sama kaɗai ya kankare, abin ba ya daɗewa. Bayan 'yan sa'o'i ƙwayoyin da ke bakin raunin za su kwanta su baje, su riƙa jan ciki suna rufe wurin, limbus na turo sababbi daga baya. Ƙaramar ƙujewa kan rufe cikin kwana ɗaya zuwa uku, babu tabo, babu jini. Kama ƙasa sosai kuwa yakan ɗauki makonni, shi ya sa wani kan farka da asuba ya ji tsohon wurin ya sake ɓarewa, fatar ido ce ta manne da sabuwar fatar ta ɗago ta.

Idan raunin ya huda shimfiɗar da fatar ke zaune a kai, labari ya canza. Ƙwayoyin tsokar da ke daidai wurin sukan mutu nan take, na kewaye su farka su taho gyara. Wani sinadari mai suna TGF-beta, wanda shimfiɗar ke tare wa hanya a da, yanzu ya samu ƙofa, sai ya mayar da su ma'aikatan gaggawa masu jan bakin rauni suna zuba kolajin barkatai. Aikin yana da ƙarfi amma ba shi da tsari, haske ba ya ratsa shi. Muddin shimfiɗar ba ta gyaru ba, sinadarin zai ci gaba da zuba, ma'aikatan ba za su tashi ba. Idan ta gyaru sukan mutu da kansu, tabon ya riƙa washewa a hankali cikin watanni, har shekara ko fiye. Saboda haka ba a yanke wa sabuwar hakiya hukunci a watan farko, musamman ta yaro.

Abin da ke hana rauni rufewa a ƙasarmu yawanci ƙwayar cuta ce. Fatar sama ita ce katanga, da ta ɓare bakteriya ko fumfuna sun samu shiga, kuma kayan gona ɗauke suke da fumfuna irin su Fusariyam da Asfajilas. Nan kumburi ke farawa. Fararen ƙwayoyin jini na sahun gaba, niyutirofil, suna isowa cikin sa'o'i ta hawaye da ta bakin iyaka. Su ne farin ɗigon da ake gani a kan baƙin ido, su ne kuma mugunyar da kan kwanta a ƙasansa kamar madara a gindin kofi. Makamansu ba sa bambance abokin gaba da gida. Suna sakin sinadarai masu narkar da kolajin, kuma idan aka haɗu da bakteriya mai zafi irin Sudomonas, rabin milimitan nan na iya narkewa ya huje cikin kwana biyu zuwa uku.

Bayansu sai masu shara, makrofaj, su ne manyan masu kira. Suna zuba VEGF-A har ya fi ƙarfin tarkunan koniya, shi kuma ya ƙara jawo wasu makrofaj ɗin, abu ya zama kamar wutar daji da iska. A gwajin da ake yi da ɓeraye, cikin kwana biyu zuwa uku jijiyoyin bakin iyaka sun fara tsiro. Mai duba ido da na'ura yana iya karanta tarihin ciwo daga siffarsu. Na sama-sama suna rassa kamar bishiya, ana iya bin su har cikin farin ido. Na can ciki miƙaƙƙu ne kamar tsintsiya, kuma sukan ɓace a bakin iyaka. Idan daga sama suka sauko kamar labule, a tuhumi amosanin ido ko gilashin roba da ake mannawa a ido.

A yi wa jijiyoyin nan adalci. Gyambon da ya ƙi ji, da zarar jini ya iso shi yakan daina narkewa, domin jini na ɗauke da abinci, da garkuwa, da sinadaran da ke kashe kaifin masu narkar da kolajin. Har akwai aikin da likita kan janyo jan tantanin da ke kan farin ido ya rufe gyambo da shi da gangan, idan ya ga ƙwayar idon ce gaba ɗaya ke shirin tafiya. Jiki ya koma irin gyaran da ya saba yi a ƙafa da hannu ke nan: jini, tsoka, tabo. Ya ceci ƙwayar ido, ya biya da gani.

Kuma ba sa komawa yadda suka zo. Sabuwar jijiya tsirara take, da VEGF take rayuwa, idan aka yanke mata shi sai ta bushe. Amma cikin kamar mako biyu wasu ƙwayoyi kan naɗe ta su yi mata riga, daga nan ta zama 'yar gida. Ko jini ya daina bi, bututun na nan fayau, ranar da kumburi ya dawo ya sake cika. Ga shi bangonsu na yoyo. Ruwa na fita ya kumbura tsokar, kitse na fita ya taru ya zama rawaya-rawaya a bakin jijiyar, sai ka ga hakiya na ƙara faɗi shekaru bayan ciwon ya wuce.

Jijiyoyin jini su ne ake gani. Tare da su akwai wasu da ko na'urar asibiti ba ta nunawa, domin ruwan cikinsu ba shi da launi. Kowa ya san kaluluwa, wadda kan fito a matsematsi idan ƙafa ta yi miki. Akwai siraran hanyoyi da ke kwashe ruwa daga tsoka su kai mata, ita kuma can ne sojojin jiki ke tantance abin da ya shigo. Ta ido tana gaban kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi. Lafiyayyar koniya ba ta da irin waɗannan hanyoyi, amma makrofaj na zuba VEGF-C da VEGF-D masu kiransu. Sai da aka gano wata alama a jikinsu mai suna LYVE-1 a 1999 aka samu damar rina su a gan su sosai. Suna da amfaninsu, su ke kwashe ruwan kumburi da tarkacen yaƙi, kuma sukan riga jijiyoyin jini janyewa idan wuri ya lafa.

Illarsu tana fitowa ne ranar da aka zo dashe. Dashen koniya ya girmi na ƙoda nesa ba kusa ba, likita Eduard Zirm ya yi shi cikin nasara tun 1905, lokacin da babu maganin danne garkuwar jiki. Abin da ya sa ya yiwu shi ne baƙuwar koniya na zama a inda babu mai kai rahotonta. A idon da babu jijiyoyi, wajen tara cikin goma na dashe kan zauna lafiya a shekarun farko da maganin ɗigawa kawai. A idon da jijiyoyi suka shiga ta kusurwa biyu ko fiye cikin huɗu, fiye da rabi jiki kan taso musu. Hanyoyin kaluluwa ne 'yan rahoto, su ke ɗaukar labarin baƙo su kai barikin soja, jijiyoyin jini kuma su ne titin da sojojin ke biyowa. An gwada cire kaluluwar wuya a ɓeraye kafin dashe, sai jikinsu ya ƙyale baƙuwar koniyar. Don haka likita kan jira ido ya yi watanni a huce kafin ya taɓa shi, kuma bayan dashe duk zaren ɗinkin da ya saki a cire shi da wuri, don zare mai lilo kiran jijiya yake yi. Sannan koniyar dashen kanta ba ta samuwa. Wani ƙiyasi na duniya da aka buga a 2016 ya nuna guda ɗaya ce ake da ita ga kowane mutum 70 masu bukata. Manomin da ya bari jijiyoyi suka cika masa ido ya yi asara biyu, ganin yau da damar gyaran gobe.

Saboda haka kusan duk dabarar tana cikin kwanakin farko. A gundumar Baktafur ta ƙasar Nefal an bi mutum 442 da suka ƙuje ido, aka ba su man kuloramfenikol na kashi 1 cikin 100, sau uku a rana har kwana uku. Cikin waɗanda suka zo kafin awa 18 babu wanda ya yi gyambo. Cikin waɗanda suka kai kwana ɗaya zuwa biyu, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun yi. Maganin ɗaya ne, mai araha, irin wanda ake samu a ƙaramin asibitin ƙauye. Gano ƙujewar ma ba wuya: a taɓa takardar rini ta fuloresin a ido, a haska shuɗiyar fitila, wurin da ya ɓare ya fito kore shar.

Da zarar farin ɗigo ya bayyana a kan baƙin ido, an wuce wannan matakin, sai sashen ido, irin na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a ranar. Can za a kankaro ɗan bakin gyambon a duba a madubin likita, domin maganin bakteriya ba ya taɓa fumfuna. Na bakteriya ana ɗiga masa irin su sifrofuloksasin ko ofuloksasin kowace awa, dare da rana, kwana biyun farko. Nan mutane da yawa ke faɗuwa, su ɗiga sau uku a rana kamar sauran magunguna, alhali koniya ba ta da jinin da zai riƙe mata magani, hawaye kuma na wanke shi cikin mintuna. Na fumfuna yakan zo a hankali, busasshe, bakinsa kamar gashin tsuntsu, da 'yan ɗige-ɗige a kewaye. Maganinsa natamaisin na kashi 5 cikin 100, kuma makonni ake yi ana fama. Akwai na uku, na bairas ɗin hafis, mai siffar reshen bishiya idan an rina, wanda kan taso bayan zazzaɓi, yana dawowa lokaci-lokaci, kowace dawowa da ƙarin jijiyoyi. Shi man asaikulobiya ake sa masa sau biyar a rana. Ido mai mugunya ba a rufe shi da bandeji.

Sai batun sitiroyid, maganin da ya fi kowanne iya hana jijiyoyi tsiro, kuma wanda ya fi kowanne makantar da mutane a hannun wanda bai sani ba. Shi ne ɗigon da ake saya a kemis a ce yana da kyau, yana faranta ido kwana ɗaya. Sunayensa a jikin kwali kan ƙare da -sone ko -lone, sau da yawa a haɗe da antibayotik. Yana kwantar da sojojin jiki, ja ya ragu, zafi ya sauka, fumfuna ko hafis kuma su samu fili su yi ta ci ba mai tsawata musu. Yana rage saurin rufewar fata, yana ɗaga matsin ruwan ido a wasu mutane, daɗewa a kansa na kawo yanar ido. Yaran nan masu ƙaiƙayin ido na shekara-shekara, da idonsu ya koma ruwan ƙasa, su suka fi shan wannan. Ko a gyambon bakteriya, wani babban gwaji na mutum 500 da aka buga a 2012, inda aka fara sitiroyid bayan kwana biyu ana antibayotik, bai nuna ƙarin gani a jimlace ba bayan wata uku. Akwai gyambon da yake yi wa amfani, amma sai wanda ya ga gyambon a na'ura ya san irinsa. Haka ɗigon kashe zafi da masu walda ke nema idan hasken wuta ya ƙone musu ido: ƙunar kan warke da kanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ɗigon kuwa idan aka maimaita shi yana hana fatar rufewa. Ruwan sukari, nonon uwa, ruwan ganye, fitsari, duk garin neman gira ne a rasa ido. Fitsari ma na iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda ke huda koniya ko babu rauni.

Ƙuna da sinadari ita ce inda mintuna ke aiki. Siminti, farar ƙasa, da sodar da mata ke haɗa sabulu da ita sun fi ruwan batir haɗari. Asid yakan dafa saman tsoka ya yi wa kansa shinge, su kuwa narkar da ƙwayoyi suke yi suna nutsewa. Ba a neman mota tukuna. A buɗe idon da yatsu, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, na buta ko na leda, aƙalla minti 30, a ɗaga fatar ido a fitar da ɓarɓashin siminti da ya maƙale, sannan a tafi. Haka ake yi wa tofin gamsheƙa, abin da mutanen Kaltungo ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kai. Idon da ya yi fari fat a bakin iyaka bayan irin wannan ƙuna ya fi ja ban tsoro, domin alama ce limbus ya mutu. Idan iyayen ƙwayoyin suka ƙare, jan tantanin farin ido ne ke hayowa ya rufe koniya da jijiyoyinsa, kuma dashe na yau da kullum ba ya zama a kai sai an fara ɗebo ɗan limbus daga ɗaya idon an dasa.

A yara, ƙyanda ce babbar ƙofa. Tana ƙone sinadarin bitamin A da ke jiki, fatar ido ta bushe, koniya ta narke, wani lokaci ba tare da wani ja mai yawa ba. Yaron da ke ƙyanda ya ƙi buɗe ido, a buɗe a duba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba mai ƙyanda bitamin A, awo (IU) 200,000 ga wanda ya kai shekara, 100,000 ga ɗan wata 6 zuwa 11, 50,000 ga wanda bai kai wata 6 ba, a ba shi yau, a ba shi gobe, idan akwai alamar ido a ƙara bayan mako biyu. Hakiyar yaro kuma tana da ƙarin sharri: idan ta tare tsakiyar ido kafin ya kai shekara bakwai, ƙwaƙwalwa kan daina koyon gani da wannan idon, ko an share tabon daga baya. A manya, gashin ido da amosani ya lanƙwasa ciki yana kankarar koniya da kowace ƙiftawa. Tsigewa hutu ne na makonni, ƙaramin aikin juya fatar ido ne ke raba gardama. Sabon shiga cikin jerin shi ne gilashin roba mai launi da masu kwalliya ke manna wa amare. Yana toshe wa koniya iska, idan aka kwana da shi ko aka wanke shi da ruwan famfo ko aka ba wata aro, an shimfiɗa wa Sudomonas tabarma.

Idan jijiyoyin sun riga sun shiga, abin yi ya danganta da shekarunsu. Sababbi kan ja da baya da sitiroyid a hannun likita, ko da maganin da ke kama VEGF irin Avastin, wanda asalinsa na ciwon daji ne. Shi ma ba a sa shi a kan buɗaɗɗen rauni, domin yana jinkirta rufewar fata. Waɗanda suka yi riga ba sa jin wannan, sai a bi babbar jijiyar da ke ciyar da su a ƙone ta da siririyar allura a bakin iyaka. Raunin da ya ƙi rufewa kuma ana bin dalilinsa ne: ciwon sukari, bushewar ido da hunturu ke ƙara wa tsanani, fatar ido da ba ta rufuwa kamar a kuturta, ko jijiyoyin ji da suka mutu, wanda ake gwadawa da silin auduga. Daga nan a zaɓi abin da ya dace, ko ɗigon da aka tace daga jinin mutumin kansa, ko shimfiɗa tantanin mahaifa a kan raunin, ko a ɗinke gefen fatar ido na 'yan makonni. Ƙaramar huda, wadda ba ta wuce milimita biyu ba, ana iya toshe ta da gam na asibiti a ɗora gilashin roba a kai, gam ɗin ya faɗo da kansa idan tsoka ta cike ƙarƙashinsa.